Kwanon da Ake Cewa na Tabawa Ne

Hannunta har ya kai saman kwabet na buge shi. Ranar Talatar makon jiya ke nan, ranar da ƙanwata Tabawa ta cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Jikarta Rim ce ta shigo ɗakina a unguwar Mansur da ke nan Makka, ko abayarta ba ta cire ba, ta nufi kwanon kai tsaye kamar ita ta ajiye shi.

"Ya Sitti, kwanon Sitti Tabawa ne fa," in ji ta da Hausarta da Larabci ya cinye rabi, don su kaka Sitti suke ce mata. "Aro kawai. Sati ɗaya, halas."

Na ce, "Kwanon wa?"

Ta ce, "Na Sitti Tabawa, Allah yarhamha."

Na ce, "Amin. Zauna."

Ashe koyon ginin tukwane take yi a Jidda, a wani wuri mai na'urar sanyaya ɗaki, kuma za su baje abin da suka gina mutane su zo kallo. Tana so ta ajiye kwanon a tsakiya, da ɗan kati a gabansa, a rubuta cewa kakarta Tabawa ce ta yi shi da hannunta a Makka. Da hannunta! Ku da kuke gida kuna karanta jaridar nan, ku yi min haƙuri da rubutuna, sai da na wuce sittin wata baiwar Allah 'yar Damagaram ta koya min riƙe biro a unguwar Kudai. Amma maganar nan ta daɗe tana cina, gara in faɗe ta kafin a ɗauke ni.

Tabawa ba ta iya gini ba. Wannan ba ƙiyayya ba ce, duk wanda ya san mu a ƙauyenmu na bayan Kano ya sani. Innarmu maginiya ce, kakarmu maginiya ce. Ni ina shekara tara nake tayar da tulu a bugi gefensa ya yi ƙara. Tabawa in ta gina kasko sai ya fito da baki a karkace kamar mai shirin kuka. Inna takan ce mata, "Je ki ɗebo kara, bar wa yayarki yumɓun." Abin da take da shi baki ne da farin jini. Ni in gina, ita ta ɗauka ta kai kasuwa, a dawo ana cewa tukwanen Tabawa sun ƙare tun kafin azahar. Tun a lokacin ke nan.

Muka zo aikin hajji muna da sauran ƙarfi, muka zauna kamar yadda da yawa suka zauna. Ita Allah ya haɗa ta da miji haifaffen nan, ta samu takardu, ta haihu. Ni mijina ya rasu shekara uku da zuwanmu, na zauna ba igama, wato takardar izinin zama, ina wanki da sayar da funkaso a gefen titi, ido ɗaya a kan kasko ido ɗaya a kan motar baladiyya masu kamen 'yan talla. Ginin tukwane ya tsaya, don wa zai sayi tukunyar ƙasa a garin da roba da alminiyan suka cika? Muna zaune a unguwar Tandabawi a lokacin, gida ɗaya, can saman dutse inda sai ka huta sau biyu kafin ka isa.

Tabawa tana aiki a gidan wata tsohuwa da ake ce wa Sitti Siniyya. Iyayenta daga ƙasar Sin suka zo hajji suka zauna, irinmu dai, sai dai su sun riga mu. Tsohuwar tana da wani ɗan kwano kore da take shan ruwa a ciki, ba kore irin na fenti ba, kore irin na ruwan kududdufi in ya kwanta rana ta haska shi. Ubanta ne ya zo da shi a cikin kaya, kuma shi kansa magini ne a can. Rannan Tabawa tana wanke kwanon ta ce mata ai mu ma 'ya'yan magina ne. Mu! Shi ke nan tsohuwa ta same ta. Kullum sai ta zaunar da ita ta ba ta labarin aikin ubanta, Tabawa ta dawo gida ta juye min ina tsaka da kwaɓa funkaso.

"Yaya, kin san ƙyallin nan na tangaran ba fenti ba ne? Toka ce."

Na ce, "Toka a gidanku."

Ta ce wallahi toka ce. Wai shekaru dubbai da suka wuce mutanen can sun riƙa toya tukwanensu a cikin rufaffiyar matoya, ba a fili ba irin namu da muke jibga kara da kashin shanu mu cinna wuta. Wutarsu ta yi zafin da tamu ba ta taɓa kaiwa ba. Sai suka lura tokar itacen da iska ke ɗauka tana sauka a kafaɗar tukunya, in zafi ya kai sai ta narke ta zama kamar gilashi, ta gangaro. Ba wanda ya shirya, wuta ce ta nuna musu. Daga nan masu wayo suka ce to me zai sa mu jira iska? Suka riƙa tankaɗe toka, su dama ta da yumɓu mai laushi da ruwa kamar kunu, su tsoma kwano a ciki, ya bushe, sannan a kai wuta. Wai matoyar tasu doguwa ce, a jikin tudu ake gina ta kamar maciji ya kwanta kansa a ƙasa, a hura wuta a gindi, zafin ya riƙa hawa da kansa. Akwai 'yar ƙofa a gefe da suke zura ƙarfe su zaro ɗan guntun gwaji su ga ko ya narke. In suka bar iska tana shiga sosai ƙyallin ya fito ruwan ƙasa. In suka toshe, hayaƙi ya shaƙe wutar, sai ya fito kore.

Ina jinta ina yi kamar ba na ji. Gaskiyar magana, duk kalmar da ta faɗa sai da ta shige ni. Ni ce na san wuta. Ni ce na san ƙamshin tukunya in ta nuna. Mu sheƙinmu da dutsen guga muke samowa, da ruwan makuba da ake yayyafa wa tukunya tana da zafi, kuma ban taɓa ganin wadda ta fi ni a wannan ba. Amma ga ilimin da ya kamata ya faɗo a kunnena ya je ya faɗa a kunnen mai ɗebo kara. Sau ɗaya tak ta kai ni gidan. Tsohuwar ta kama hannuna ta juya shi, ta shafa tafin, ta ce da Larabci wannan hannun magini ne. Sannan ta juya ta ci gaba da hira da Tabawa, don ni Larabcina na ciniki ne kawai. Na zauna ina kallonsu suna dariya kamar uwa da 'ya.

Tsohuwar ba ta da buri sai ɗaya. Ta ce tun da ubanta ya mutu ba ta ƙara ganin an buɗe matoya an fito da sabon kore ba, tana so ta gani sau ɗaya kafin ta bi shi. Tabawa, da ba ta iya cewa a'a ba, ta ce za mu yi. Za mu.

Na ce mata in dai ƙyalli ake so, ita da kanta ta faɗa min akwai wani da suke yi da dalma, wanda ba ya buƙatar wuta mai yawa. Ta ce wannan guba ne, kayan da suke binnewa tare da matattunsu suka fi yi wa shi, ba na cin abinci ba. Toka tsohuwa ta ce, toka za a yi.

Wata shida tana tara toka. Duk masu tsiren Mansur sun san ta, tana zuwa da buhu bayan sun tashi, suna tsokanarta, "Hajiya, sabulu za a yi ne ko asiri?" Ta tankaɗe da rariya, ta sake tankaɗewa da tsohon ɗankwali, har ta cika rabin duro a saman rufin gidanmu. Ni kuma na samo farin yumɓu wurin masu yin tulunan zamzam, na daka fasassun tuluna na haɗa don ya jure wuta, na zauna na gina kwanoni goma sha huɗu. Hannuna bai manta komai ba. Ranar da na jera su suna shan iska, na yi kuka ni kaɗai, ban bari ta gani ba.

Saura wankin toka. Ta zuba ruwa a duron ta dama, sai ga lokacin hajji ya zo, gidan aikinta suka ce za ta bi su Mina ta yi musu kwanaki. Tana ɗaura mayafi a bakin ƙofa ta ce min, "Yaya, in ya kwanta ki tsiyaye ruwan ki zubar, ki ƙara wani. Sau uku. Tokar ake so, ba ruwan ba. Sai kin ji ruwan ya daina santsi a hannu."

Na ji ta. Ba zan yi wa matacce ƙarya ba, na ji ta sarai. Amma ku mata na gida ku faɗa min, wace 'yar Bahaushe ce take jiƙa toka ta zubar da ruwan? Tun muna yara ruwan toka ake tarewa a ƙwarya, na miya, na sabulu, dusar a watsar bayan gida. Ƙarfin toka a ruwanta yake, kowa ya san haka. Na hau sama na tsoma yatsa na ɗanɗana, ruwan nan ya ciji harshena, ruwan toka mai kyau irin wanda rabona da gani tun gida. Na ce a raina, yaushe Tabawa ta fara koya min toka? Ta je ta ɗauko maganar tsohuwar da ta rikice, za ta sa in zubar da mai amfanin in ajiye shara. Bari in gyara mata, in ta dawo ta ga wace ce 'yar Inna.

Na tace shi tsaf, na cika jarkoki biyar, na jera su a inuwa. Laka-lakar da ta rage a gindin duro na kwashe a bokiti, sawu huɗu, na kai kwandon shara na ƙasan dutse. Har wanke duron na yi na kife.

Ta dawo ranar sha uku ga wata, ƙafafunta a kumbure. Ta hau sama. Na bi ta ina jiran godiya. Ta ɗaga duron, ta dubi jarkokin, ta dube ni. Ta zauna a kan bulo. Ni kuma a tsayen nan na gane abin da na yi, tun kafin ta buɗe baki, don na tuna maganar farko: abin da iska ke ɗauka ya sauka a kafaɗar tukunya ai ba ruwa ba ne.

Da ta zage ni da na ji daɗi. Da mun yi faɗa irin na 'yan uwa, in ce ke ma kin cika iyayi, a raba mu, a wuce wurin. Sai cewa ta yi, "Yaya, ba ni jarka ɗaya, gobe kuɓewa zan yi." Washegari ta ɗauki buhunta ta koma wurin masu tsire.

Sitti Siniyya ta rasu wata huɗu bayan nan, toka ba ta gama taruwa ba. Tabawa ce ta taya wankanta. Ba ta taɓa faɗa wa tsohuwar dalilin jinkirin ba, ce mata ta riƙa yi yumɓu ne bai bushe ba. Ba ta faɗa wa mijinta ba, ba ta faɗa wa 'ya'yanta ba. Ni ma ba ta ƙara tayar min da maganar ba har ta mutu. Kun ga irin abin da nake faɗa? Ko a wurin haƙuri sai da ta fi ni, ta bar ni da abin a wuya ina yawo da shi shekara da shekaru.

Na ɗauka za ta bari tunda mai son gani ta tafi. Ina! Ta ce alkawari ta yi. Da toka ta taru ita ta wanke abinta, ba ta ce in taɓa ba, ni ma ban nema ba. Muka gina 'yar matoya da bulon gasa burodi a gangaren bayan gida, tsayinta bai fi mutum biyu a kwance ba, kai a ƙasa wutsiya a sama yadda aka ba ta labari. Wani tsohon maƙeri Basakkwace ya ara mana zugazugi, kafintoci suka ba mu guntayen katako. Muka cinna wuta bayan asuba. A nan kam ni ce gaba. Ita tana ta zumuɗi tana son a danna itace, na ce ki matsa, yumɓu ba a yi masa gaggawa, sai gumin jikinsa ya fita. Wutar ta tashi daga ja ta koma ruwan lemo, ta koma wani fari-fari da ban taɓa ganin irinsa ba, ido ba ya iya tsayawa a kai. Muna karɓa-karɓa a zugazugi, gashin girana ya ƙone. Maƙwabta suka leƙo ta taga suna cewa Takaru, wato mu baƙin Afirka, sun haukace. Wajen la'asar ta zura ƙarfe ta zaro guntun gwaji, muka ga yana naso kamar an shafa masa mai. Ta ce, "Yaya, toshe!" Na cusa itace na liƙe ƙofar da laka, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, muna addu'a kada wani ya kira 'yan kwana-kwana.

Kwana biyu muka jira ta huce. Cikin goma sha huɗu, tara sun narke sun zauna kamar ɗanyen fanke, uku sun fashe, ɗaya ya fito da ƙuraje kamar bayan kwaɗo. Ɗaya ne kawai, wanda na ajiye a tsakiya da hannuna, ya fito lafiya. Kore a ciki, ya taru a gindi kamar ɗigon ruwan da ba ya bushewa, waje ɗaya kuma ruwan zuma. Ta ɗauke shi ta rungume ta sauka unguwa tana nuna wa mutane. Kafin magariba sunansa kwanon Tabawa.

Nakan zauna in ce da tana nan yau me za ta ce. Dutsen da muka yi tuyar an fasa shi, ko wurin ba zan iya nuna muku ba, titi ne da dogayen gidaje. Rim ta nuna min matoyarsu a waya, wani farin akwati kamar firji, a danna lamba a tafi shan shayi. Ƙyallin ma a roba ake sayar musu, kowane launi da lambarsa, ba mai bin masu tsire da buhu. Ni abin haushi yake ba ni. Tabawa kuwa na san ta, da tuni ta sa Rim ta kai ta Jidda, ta danna lambar da kanta, ta yi ƙawaye da malamarsu, a ɗauke ta a waya tana ba da labarin mutanen Sin, duniya ta gani. Ni ina gida ina gadin ɗaki don ba na iya wuce shingen duba takardu. Mutuwarta ma haka ta zo mata, cikin azumi, ranar Juma'a, aka yi mata salla a Harami da mutanen da ba sa ƙirguwa. Ina yi mata murna, Allah ya sani. Amma ina tsaye a sahun mata ina hawaye, wani gefe na zuciyata yana cewa, ke dai komai sai kin riga ni samun mai kyau.

Abin da ya rage nata a duniya 'ya'ya ne da jikoki da suna mai daɗi a bakin mutane, da koren nan. Koren nata ne, ban taɓa musu ba. Ita ta saurara lokacin da ni na toshe kunne, ita ta tara toka sau biyu. Amma kore ba ya tsayawa a iska, sai an samu abin da zai kwanta a kai. Da ita ta gina kwanon da ya bi sauran ya zauna. Kafin ta rasu ita da kanta ta sa aka kawo min shi, ta ce a ajiye wurin Yaya. Ba ta ce don me ba, ni ma ban tambaya ba.

Duk wannan na faɗa wa Rim ranar Talatar, har da maganar jarkoki biyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ta saurara tana kallon wayarta jefi-jefi. Na sauko da kwanon na kife shi, na nuna mata gindin da ba ƙyalli, inda shaidar babban yatsa take, wadda nake dannawa a duk abin da na gina tun ina yarinya.

Na ce, "Kin ga wannan? Nawa ne."

Ta ce, "Sa mu gani."

Na sa. Bai shiga ba, yatsana ya rufe ramin har ya yi saura.

Ta ce, "Sitti Tabawa ce mai ƙananan yatsu."

Na ce, "Ke, me ake koya muku a Jiddan? Yumɓu ba ya tsukewa a wuta? Wutar da ta narkar da tara ba za ta rage ramin yatsa ba?"

Ta ce sah, haka ne, malamarsu ta faɗa. Amma na ga idonta, irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ake lallaɓawa ne.

Na ce za ta tafi da shi da sharaɗi ɗaya, a sa suna biyu a katin, kuma ni zan rubuta nawa. Ta ce tayyib, ta ciro katin da biro daga jaka. Sai ta tsaya, ta ce, "Ya Sitti, ke ya sunanki?"

Shekara ashirin da uku tana shiga ɗakina tana cin funkasona.

Na karɓe biron. Na rubuta DIJE MAGINIYA, harafi manya-manya yadda hannuna ya iya, sai da na cika katin baki da baki. Ta juya shi ta rubuta na kakarta a baya. Na naɗe mata kwanon a cikin tsohon zanen Tabawa, na ce in ya fashe kada ta dawo unguwar nan.

Jiya ta turo hoto a wayar maƙwabciyata, aka kawo min na sa tabarau. Ga kwanon a kan farin teburi, fitila a kansa, mutane sun kewaye shi. Ga katin a jingine a gabansa. Bayan katin ne, mai sunan Tabawa, yake kallon mutane.